Baƙar Kabar da ke Bakin Faifanka

Bagwai, ranar Laraba

Zuwa ga taubashina Naziru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka na Fatakwal, ya tsare ka daga ruwan can da ba ya ɗaukewa, da sauron can da aka ce ya kai fara girma. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har yana zuwa masallaci ba sanda. Inna tana nan da faɗanta. Gwaggo Aina'u, mahaifiyarka, lafiyarta ƙalau, sai dai ta rage magana, kai ma ka san dalili. Gero ya yi kyau bana, alhamdu lillahi, dawa ma shekaranjiya aka gama kai ta rumbu, wake ne kawai tsutsa ta taɓa. Akuyar nan taka mai guntun kunne ta haifi biyu. Ɗaya na sa masa sunanka, don shi ma ba ya amsa kira.

Ni ce Ramlat, kada ka tsaya juya takarda kana neman suna, ai ka san hannuna tun muna wanke allo tare a zauren Malam Dabo. Lambarka ta daina shiga tun bara, shi ya sa na koma wa tawada. Abdussalam direba, mai kai albasa can wajenku, shi ya ce mana ya gan ka da idonsa a bakin kasuwa. Ya ce ka rame. Ya ce da ya yi maka ta'aziyyar kakarmu Iya sai ka sunkuyar da kai, ka ce da wane ido za ka kalli gida bayan an binne wadda ta raine ka ba ka nan. To, ka zauna ka karanta da kyau, don ba kai ne mai babban laifi a wajen Iya ba. Abin da zan faɗa maka ban faɗa wa Inna ba, ban faɗa wa Baba ba, balle Gwaggo. Kwana tara ke nan yana zaune a ƙirjina.

Ka san tuwon sabo ya matso. Ka tuna yadda kakarmu Iya take yi duk shekara in an gama kai amfani rumbu, an fitar da zakka: a share tsakar gida, a yayyafa ruwa, a shimfiɗa sabbin tabarmi a gindin darbejiya, a goge ƙorai da farar ƙasa har zanensu ya fito, a ɗaura zangarniyar gero uku-uku da jan zare a rataye a ƙofar kowane ɗaki. Sannan a jera akusa, kowa da nasa, kowane akushi da sabon faifai a kansa wanda Iya ta saƙa da hannunta tun damina. Ba a taɓa samun biyu masu ado iri ɗaya ba. Na Baba mai ƙafar kaza ne, na Gwaggo mai tsani, nawa kuwa karkatacce take yi da gangan, wai ya dace da halina. Naka kullum mai tauraro a tsakiya, saboda kai ne maigidanta, mu sauran 'yan rakiya ne. Ban manta shekarar da na sa maka kwaɗo a ƙarƙashin faifai ba, ka ɗaga da bismilla ya yi tsalle ya faɗa miyar Baba. Iya ta bi ni da muciya har bayan rumbu tana cewa Uwar Tsokana yau sai na ga ƙarshenki, tana faɗa tana dariya, zanenta yana kwancewa.

Kuma ka tuna dokarta ta bakin faifai, wadda ba ta taɓa karyawa ba. Wanda yake gida, ta rufe bakin faifansa da jar kaba, wadda ta rina da karan dafi. Wanda yake kan tafiya, ba ta rufewa, sai ta bar jelar kaba tana reto, ta ce mai shi ne zai zo ya ɗaure da hannunsa. Wanda kuma ya rasu a cikin shekarar, ta yi masa faifai ɗaya na ƙarshe, ta rufe bakin da baƙar kaba, wadda take jiƙawa da bagaruwa da tsatsar ƙarfe, a rufe tuwon sadaka da shi, a fita da su tare, faifan ba ya dawowa gida. Haka ta yi wa Kaka Malam, haka ta yi wa jaririn 'yar'uwarmu Rukayya. Mu dai mun taso mun tarar, ba mu taɓa tambayar inda ta samo ba.

Bara, ana gobe tuwon sabo, ka bugo waya ka ce ba za ka samu zuwa ba, aiki ya riƙe ka. Da Iya ta ji, sai na ga ta tura furarta gefe. Ni kuwa haushinka ya kama ni, ga kuma ƙaiƙayin tsokana da ba ya barina. Bayan la'asar ta fita barka gidan maƙwabta, sai na shiga ɗakinta na buɗe adudun da take ajiye kayan saƙa. Ga faifanka mai tauraro, jelarsa tana reto. A ƙasan adudun kuma ga ragowar baƙar kaba a naɗe cikin tsumma. Naziru, wallahi dariya nake yi lokacin. Na ɗauki basilla na zagaye bakin faifanka kaf da baƙi, na yi shi da kyau kuwa, ɗinki a matse, irin wanda ta koya mini. Nufina ta gani ta yi salati ta ɗauko muciya, ni kuma in ce ai maigidan naki ya zama ɗan Fatakwal, ya sake ki, gara a yi sadaka da shi. Har na tanadi inda zan gudu.

Na manta idonta ya yi yana, ba ta rabe ja da baƙi sai da hannu. Da safe tana zaune a bakin ƙofa tana fitar da faya-fayan ɗaya bayan ɗaya, tana shafa kowanne tana kiran sunan mai shi. Ta zo kan naka. Baƙar kaba ta fi ja kaushi saboda bagaruwa, ka sani. Na ga babban yatsanta ya hau bakin, ya tsaya, ya ci gaba a hankali har ya zagayo inda ya fara. Ta kai shi hanci ta shinshina. Sai ta ɗago fuska, ba ni take kallo ba, ƙofar gida take kallo, ta tambaya da wata ƙaramar murya ko waya aka bugo, kuma me ya sa ba a tashe ta ba. Nan na fito daga bayan turmi ina dariyar dole, na ce ba wanda ya bugo, ni ce, wasa nake yi. Na tsaya ina jiran muciya. Ba ta ɗauka ba. Ba ta ce mini Uwar Tsokana ba. Ta ce to, kawai, ta cusa faifan a ƙarƙashin zanenta. A ranar nan, da wani tsohon faifan tankaɗe aka rufe akushinka, Gwaggo ta tambaya, Iya ta ce naka bai gamu ba. Ta rufa mini asiri, kuma daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba.

Mako biyu bayan haka lambarka ta daina shiga. Duk Juma'a in Baba ya dawo daga masallaci sai ta sa in karɓo wayarsa in kira ka, in sa mata a kunne. Kullum matar nan ce take amsawa da Turanci. Iya ta ce ita wannan mata ta cikin waya ba ta da kunya, ta riƙe mata miji kuma ko gaisuwa ba ta iya ba. Mu yi dariya, ita ma ta yi. Amma in na karɓi wayar sai in ga ta juya fuska wajen ƙofar gida. Ni kuwa na ce wa kaina ai waya ce, ɓata take yi, sacewa ake yi, ruwa yana shiga. Na ci gaba da harkata. Har na manta da faifan, Allah ya sani.

Akwai abu ɗaya da na gani da damina ban gane ba. Kullum da hantsi, in an watse gona, tana zama a cikin ɗaki ta juya wa ƙofa baya, wai haske yana damun idonta. In ta fito sai in ga leɓenta ya yi baƙi, har da gefen haƙora. Ni da bakina da ba ya shiru, na dinga tsokanarta cewa Iya ta fara kwalliya, tunda maigida ya gudu wani tsohon take nema a Shanono, har na ce zan raka ta kasuwa a sayo mata hoda. Ta goge da gefen mayafi ta ce ɗinya ta sha. Ni kuma ko tunanin cewa ba lokacin ɗinya ba ne ban yi ba. Ana tsakiyar noma na biyu zazzaɓi ya kama ta, kwana huɗu kawai, ranar Talata kafin azahar Allah ya karɓi abarsa. Ba ta sha wahala ba. Kalmar shahada ce ƙarshen maganarta, Baba yana riƙe da kanta. Kafin nan ta tambaya sau biyu ko an ji motar albasa ta shigo. Ba don in ƙara maka nauyi na faɗa ba, don ka san ba fushi take da kai ba, jira take.

Da aka fara girbi, Gwaggo ta ce tuwon sabo ya bi mai shi, a bar shi haka. Baba ya ce a'a, a yi ko sau ɗaya ne, ya zama sadaka gare ta, kuma tunda ni kaɗai na ɗauki hannunta a saƙa, ni zan yi faya-fayan. Na ce to. Na rina kaba ja da rawaya, na shanya a kan danga, na zauna ina ta yi har yatsuna suka yi kanta. Na Baba ƙafar kazar ta fito kamar ta agwagwa, Inna ta ce ba komai, shi ma tafiyarsa ta koma haka. Na gama guda bakwai basillata ta karye, sai Inna ta ce in je in ɗauko ta Iya a adudu. Ɗakin tun bayan addu'ar arba'in ba wanda ya shiga. Da rana tsaka ne, rana tana dukan tsakar gida, amma da na tura ƙofar sai na ji sanyi, ga ƙanshin man kaɗanyarta yana nan kamar yanzu ta tashi. Buzun sallarta a naɗe, carbi a kai. Na yi sallama, Naziru. Ban san na yi ba sai da na ji muryata.

A cikin adudun faifai biyu na tarar, an kifa ɗaya a kan ɗaya. Na sama naka ne, mai tauraro. Baƙin da na zagaye shi da shi an warware, ɗinki bayan ɗinki, ramukan basilla suna nan a jere, ba inda aka yanka, ba inda aka tsinke. Saura kamar tsawon yatsa ɗaya kawai bai warwaru ba. Na ƙasan kuwa sabo ne, ban taɓa ganinsa ba, ba ado ko ɗaya, fari fat, sai ɗan zobe rawaya a tsakiya, irin wanda take yi wa kanta duk shekara. An zagaye bakinsa da baƙar kaba. Na duba da kyau, na ga kabar duk a lanƙwashe take, tana da tabon tsohon ɗinki. Tawa ce. Wadda na sa a naka ce take zarewa tana mayarwa a nata. Shi ma saura tsawon yatsa ɗaya ya rufe.

Nan na gane baƙin leɓen. Busasshiyar kaba ba ta warwaruwa sai an jiƙa ta, in ba haka ba karyewa take. Da ta ɗebi ruwa a ƙwarya ta shiga ɗaki da shi kullum, da Inna ta tambaya. Sai take sa bakin faifan a bakinta, ta jiƙa da yawu, ta zare da farce, tsohuwar da ba ta gani, ɗinkin da ni na matse da ƙarfina ina dariya. Wata nawa ta yi tana wannan, ban sani ba. Ni kuma ina tsaye a ƙofa ina ce mata ta yi kwalliya. Na zauna a ƙasan ɗakin da faya-fayan biyu a cinya, ban san tsawon lokacin ba, sai da na ji kiran sallar la'asar.

Washegari na je wajen Malam Dabo, na kewaya na ce wata ƙawata ce ta yi abu kaza. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in gaya wa ƙawar tawa kaba ba ta kashewa, ba ta rayawa, ajali a rubuce yake tun mutum yana ciki, wanda ya ce wani zai iya ɗaukar wa wani mutuwa ya faɗi abin da ba shi da ilimi a kai. Ya ce abin da ke kan ƙawar tawa shi ne ta tsorata tsohuwa, wannan kuwa sai istigfari da yi mata addu'a. Ya ƙara da cewa ƙawar tawa ta rage tsokana, kuma ta gaishe da Baba. Na yarda da maganarsa, wallahi na yarda, abin da muka karanta ke nan. Iya ma ta fi ni sani, ba ta taɓa barin salla ba. Ina jin ba wai ta ɗauka kaba tana da iko ba ne. Ba ta iya kwana da baƙi a kan sunanka ba ne kawai, kuma ba ta zubar da kaba, ka san ta, ko guntu ne sai ta nema masa wurin zama. Ta duba gidan kaf ta ga ba wanda za ta iya ɗora wa sai kanta. Haka nake gaya wa kaina. Amma har yau in na zauna saƙa da hantsi, gida ya yi shiru, sai in ji kamar ana jan kaba a ɗakin nan, sit, sit, a hankali. Inna ta ce ɓera ne. Wataƙila ɓeran ne. Na daina zama ina juya wa ƙofar baya dai.

Jiya na ƙarasa mata aikin. Na ɗebo ruwa a ƙwarya a gaban kowa, na shiga ɗakin na bar ƙofa a buɗe. Na jiƙa ɗan abin da ya rage a naka, na zare shi, na ɗauki basillarta na ɗinka a nata. Ina tsoron kada ya gaza ko ya yi saura, don ban san yadda zan yi da saura ba. Ya kai daidai, ko ƙwayar gero ba ta rage ba. Na ɗaure, na karanta mata Ƙulhuwallahu. Ranar tuwon sabo da shi za a rufe akushin sadakarta a fita da shi, kamar yadda ta yi wa na gabanta. Gwaggo ta gan shi ta ce ashe Iya ta san tafiyarta, ta yi kuka. Ban gyara mata ba. In ka zo, a gabanka zan faɗa musu, don ni kaɗai ba zan iya ba.

Naka yanzu ba ɗigon baƙi a jikinsa. Bakinsa a buɗe yake kamar yadda ta bar shi kafin in taɓa, yana rataye a ƙusa a ɗakin Inna. Ni ba zan rufe shi ba, ba da ja ba, ba da komai ba, na gama taɓa bakin faifan wani har abada. Tuwon sabo Juma'a ta sama ne, ba wannan ta jibi ba. Abdussalam zai taso daga can ranar Talata, ya ce akwai wuri a gaba kusa da shi, kuma ba zai tambaye ka komai a hanya ba. Kada ka tsaya neman tsaraba, ba wanda yake jiran atamfa. Kada kuma ka ce kunya. In ni da na yi wannan zan iya zama a kan tabarmar nan in ɗaga faifai in ci tuwo, kai da laifinka bai wuce ɓatan waya da nauyin ƙafa ba, ba ka da hujja. Tsohuwar nan ta ɓata damina guda tana buɗe maka ƙofa da bakinta. Na roƙe ka don Allah kada ka bar ta a buɗe a banza. Na yi alkawari ba kwaɗo bana. Ko da yake na ga wani ƙato a bayan randa, in ka wuce Juma'a ban san abin da zai faru ba.

Baba yana gaishe ka, ya ce gonarka ta bakin rafi ya noma maka ita, gyaɗa ya sa. Inna tana gaishe ka. Gwaggo ba ta san ina rubutawa ba, amma na ga ta wanke shuɗiyar rigarka ta shanya, ba wanda ya sa ta. Rukayya da maigidanta suna gaisuwa, 'yarsu Ummi ma, wadda ka bari tana rarrafe, yanzu har zagi ta iya, ba ni na koya mata duka ba. Malam Dabo ya ce a gaishe da ɗalibinsa mai barci a kan allo. Ka gaishe da mutanen da kuke tare, Allah ya saka musu da alheri. Allah ya jiƙan Iya, ya haskaka kabarinta, ya yafe mini, ya kawo ka lafiya.

In ka buɗe takardar nan a hankali za ka ga jar kaba guda ɗaya a naɗe. Ita ce ta ɗaure bakin faifanka, ka taho da ita, ba ni da wata irinta, daga rinin Iya na ƙarshe ce. Hanya tana da nisa, za ta bushe. Ka riƙa jiƙa ta kada ta karye. Da ruwa, Naziru. Kada ka sa ta a baki.

Taubashiyarka,
Ramlat, Uwar Tsokana